DARASI: ƊAGA GABAN A-KORI-KURA BA TARE DA KASHE KUƊI MAI YAWA BA

Karatu: Luka 14:28-30, Maimaitawar Shari'a 22:8

Darasinmu na wannan wata ya shafi motar ƙungiya. Ƙungiyoyinmu na gama kai da yawa sun tara kuɗi shekara da shekaru kafin su sayi a-kori-kura guda ɗaya. Ita ce mai kai citta daga ƙasar Kachia, da dankali daga Bokkos, da masara zuwa kasuwar Saminaka. Ita ce mai kawo taki. Idan mace ta kasa haihuwa da tsakar dare, ita ce mai kai ta asibiti. Amma da ruwan Agusta ya sauka, sai hanyoyin burji su zama ramuka biyu da tudu a tsakiya, cikin mota ya riƙa gogar ƙasa. Sa'an nan sai wani ya tashi a taro ya ce, "A ɗaga gabanta mana, ai aikin awa ɗaya ne."

Gaskiya ne ana iya ɗaga ta, da kuɗi kaɗan kuwa. Amma aikin yana da iyaka, yana kuma da farashin da ba ya bayyana a ranar da aka yi shi. Cikin karatunmu na fari Yesu ya yi misali da mutumin da ke son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. Bari mu ma mu zauna mu yi namu lissafin.

1. ABIN DA KE RIƘE DA GABAN MOTA

Motar da muke magana a kanta ita ce wadda ƙafafunta na baya kaɗai suke ja. Na gaba aikinsu ɗaukar nauyin injin ne da juya mota. Wannan ya sa aikin ya fi sauƙi, gama babu sandunan ja da ke shiga ƙafafun gaba, irin waɗanda suke lalacewa idan an ɗaga mota mai ja da ƙafa huɗu.

Kafin a taɓa kome, tilas a san irin sifirin da ke gaban motar. Iri uku ne muka fi gani.

Na ɗaya shi ne toshin-ba, watau sandar murɗa. Doguwar sandar ƙarfe ce da ke kwance a gefen shasi. Kanta ɗaya yana maƙale da hannun ƙafa, ɗayan kuma yana ɗaure a baya da wani bolti na saiti. Idan ƙafa ta hau dutse, sandar takan murɗe, sa'an nan ta warware. Toyota Hilux mai ja da baya ta koma wannan tsari a 1978, ta ci gaba da shi har zuwa samfurin da aka sauya a 2004. Datsun 720 da Nissan D21 da D22 su ma haka suke.

Na biyu shi ne naɗaɗɗen sifirin da ke aiki da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa. Hilux ta farko, ta 1968, haka take, kuma samfurin da ya fito daga 2004 ya dawo ga naɗaɗɗen sifirin.

Na uku shi ne irin na Peugeot 404 da 504, inda sifirin yake naɗe a jikin shokozoba, su biyu suka zama ginshiƙi ɗaya. Ma'aikatar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ta yi shekaru da yawa tana fitar da 504, shi ya sa har yanzu akwai su a ƙauyukanmu.

A kowane iri akwai waɗansu abubuwa da ya kamata kwamiti ya san sunansu. Boljoyin gaɓa ce mai juyawa kamar kafaɗar mutum, ita ce ta haɗa hannu da ƙafa. Tayarod shi ne mai kai umurnin sitiyari zuwa ƙafa. Shokozoba ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa hana mota yin ta tsalle ne. Akwai kuma ƙananan robobi na tokare, waɗanda ke tsai da hannu idan ya kai iyakar hawansa ko saukarsa.

2. ABIN DA ƊAGAWA KE YI, DA ABIN DA BA TA YI

Idan aka ɗaga gaba, kaskon baƙin mai da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin injin za su yi nisa da ƙasa. Wannan riba ce ta gaske. Dutse ɗaya ya isa ya huda kasko, mai ya tsiyaye, injin ya ƙone kafin direba ya lura.

Amma ku leƙa ƙarƙashin motar ta baya. Za ku ga wani ƙullutun ƙarfe a tsakiyar aksil, shi ne difarenshal. Sau da yawa shi ne ya fi kome kusa da ƙasa. Kome ɗagawar da aka yi wa gaba, shi yana nan inda yake, gama tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Motar da gabanta ya tsallake tudu tana iya zama daram a kan difarenshal.

Ɗagawa kuma ba ta ƙara wa mota ƙarfin fita daga taɓo. Idan ƙafar baya ɗaya ta faɗa cikin laka, ita ce za ta yi ta juyawa a banza, ta kan busasshiyar ƙasa kuwa ta tsaya cik. Haka aka ƙera difarenshal na yawancin motocinmu. Ba ta ƙara yawan kayan da mota za ta iya ɗauka ko da kilo ɗaya. Ba ta kuma ba direba izinin shiga rafi mai gudu. Ruwa mai gudu da ya kai ƙafa 2, watau santimita 60, yana iya tafiya da a-kori-kura duka, ruwa kaɗan kuma idan ya shiga ta hanyar iskar injin ya isa ya lanƙwasa ƙarafan ciki.

Akwai wani abu kuma. Idan mota ba ta da kaya, za ku ga bayanta ya ɗan fi gabanta tsawo. Masu ƙera ta ne suka yi haka da gangan, domin sa'ad da aka ɗora kaya ta sauka ta yi daidai. A Amurka, inda wannan al'ada ta ɗaga gaba ta yi ƙarfi, da yawa suna yi ne domin mota ta yi kyan gani, ko domin ta ɗauki manyan tayoyi, kuma sau da yawa bayan motocin nasu wayam yake. Mu kuwa motarmu ta lodi ce. Idan muka ɗaga gaba har ya yi daidai da baya sa'ad da babu kaya, to, ranar kasuwa hancinta zai dubi sama. Sitiyari zai yi sakayau, ƙafafun gaba su rage kama ƙasa, fitila kuma ta haske idon mai zuwa maimakon ta haska hanya.

3. A AUNA TUKUNA

Sau da yawa motar da ake cewa ta yi ƙasa, ba ɗagawa take bukata ba. Sifirinta ne ya gaji ya zauna. Abin da take so shi ne a mai da ita tsayinta na asali.

Ku kai ta wuri mai shimfiɗe, kamar daɓen siminti na ma'ajiyar hatsi. Ku daidaita iskar tayoyi huɗu da geji. Ku auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke bisa taya, a kusurwa huɗu. Muna auna daga tsakiyar wili ne domin kada girman taya ya rikita lissafi. Sakatare ya rubuta. Sa'an nan ku ɗora kayan da kuka saba ɗauka, ku sake aunawa. Ku kuma auna daga ƙasa zuwa kaskon mai, da daga ƙasa zuwa difarenshal.

A misali, a ce gaban dama ya nuna santimita 45, na hagu 42. Wannan ya gaya muku sifirin hagu ya gaji, ko wani abu ya lanƙwashe. Wannan shi ne aikin farko. Idan kun sami wata mota irin taku da ba ta sha wuya ba, ku auna ta ku gwada.

Bayan haka makaniki ya ɗaga ƙafa ya girgiza ta. Idan boljoyin yana da wasa, ko tayarod, ko bushin ya cinye, ko shokozoba yana yoyon mai, a canja su kafin a yi maganar ɗagawa. Ɗagawa tana ƙara wa waɗannan gaɓoɓi wahala. Tsohon boljoyin da aka tilasta masa sabon karkata yana iya ficewa a kan gudu, ƙafa ta kwanta ƙarƙashin mota.

4. HANYOYI HUƊU

Hanya ta ɗaya: taya mai ɗan tsawo.

Wannan ce kaɗai hanyar da ke ɗaga mota duka, har da difarenshal. Amma ku lura da lissafinta: rabin ƙarin tsawon taya ne kaɗai ke zama ƙarin nisa daga ƙasa. Taya mai lamba 185R14C tsawonta wajen milimita 652 ne. Mai lamba 195R14C wajen 668 ce. Bambancin milimita 16 ne, ribar kuwa milimita 8 kawai. Idan aka koma rim mai inci 15 da taya 195R15C, mai wajen milimita 693, ribar za ta kai santimita 2. Sai dai tilas a sayi rim da ramukansa suka dace da motar, a kuma juya sitiyari iyaka dama da hagu a tabbata taya ba ta gogar bodi ko shasi.

Taya mai tsawo tana rage wa mota ƙarfin hawan tudu da lodi, tana kuma ƙara wa birki da kuloci aiki. Agogon gudu ma zai riƙa yin ƙarya. A misalin nan na ƙarshe, idan ya nuna 80, motar tana gudun wajen 85 ne.

Harafin C a ƙarshen lamba yana nufin tayar ɗaukar kaya ce. Kada a sa wa a-kori-kura tayar ƙaramar mota. Akwai kuma lambar nauyi: 102 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 850, 106 kuwa kilo 950. Ku nemi lambobi huɗu da ke nuna ranar ƙira. Idan kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Idan dai lokacin sayen taya ya riga ya yi, ƙarin kuɗin da za a biya domin mai ɗan tsawo ba shi da yawa, shi ya sa muka sa wannan hanya a gaba.

Hanya ta biyu: ɗaure boltin toshin-ba.

Wannan ita ce mafi araha, domin babu abin saye. Ga yadda ake yi. Kwana biyu kafin aikin a wanke boltin saiti, a zuba masa mai, gama tsatsa takan kama shi. Idan zarensa ya cinye a sayi sabo. A tokare ƙafafun baya da dutse, a ja birkin hannu, a ɗaga gaba har ƙafafu su rataya, domin nauyi ya sauka daga kan boltin. A tallafi shasi da ƙafar ƙarfe ko gungumen itace mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a yi amfani da bulo na siminti, gama yakan fashe ba gargaɗi.

A sa alama da fenti a kan boltin. A kwance notin kulle, a ɗaure zagaye biyu a dama, zagaye biyu a hagu, ana ƙirgawa da ƙarfi, sakatare yana rubutawa. A sauke mota, a tuƙa ta gaba da baya kaɗan domin ta zauna, a sake aunawa. A maimaita har a kai inda ake so, sa'an nan a ɗaure notin kulle.

Ina ne iyaka? Shawararmu ita ce inci 1 zuwa 1 da rabi bisa tsayin asali, watau santimita 2 da rabi zuwa 4. Ga dalili. Ƙafar mota tana da tazarar hawa da tazarar sauka. Ɗaure boltin ba ya ƙara tazara, yana dai ɗebe ta sauka ya ba ta hawa. Idan aka ɗebe duka, hannu zai zauna a kan robar tokare. Da ƙafa ta tarar da rami ba ta da sauran wurin sauka, sai ta bar ƙasa, mota ta riƙa duka kamar amalanke. Saboda haka bayan an sauke mota a duba a ga akwai sauran fili, aƙalla kaurin yatsa, tsakanin hannu da robar. Waɗansu makanikai sukan yanke robar domin su sami fili. Kada ku yarda. Idan babu ita, boljoyin da shokozoba ne za su riƙa shan dukan.

Sandunan nan suna da dama da hagu, akwai alama a kansu, kuma ba a musanya su. Ba a yi musu walda, ba a gasa su da wuta.

Hanya ta uku: sifesa, watau zoben da ake sa wa bisa sifirin.

Wannan ta masu naɗaɗɗen sifirin ce. Ana sayar da na roba mai tauri da na alminiyom, mai injin sassaƙa ƙarfe kuma yana iya yin na ƙarfe. A nan akwai lissafin da mutane da yawa ba su sani ba. A mota mai hannuwa biyu, sifirin yana zaune ne a wajen tsakiyar hannu, ƙafa kuwa tana can ƙarshe. Saboda haka zobe mai kaurin inci 1 yana iya ɗaga mota inci 1 da rabi, har kusan 2. A irin Peugeot 504 kuwa, inda ginshiƙin yake kusa da ƙafa, kaurin zobe da ɗagawa kusan ɗaya suke. Wanda ya ce a sassaƙa masa zobe mai inci 2 ga mota mai hannuwa biyu ya riga ya wuce iyaka nesa.

Tilas zoben ya kasance da gurbin da sifirin zai zauna ciki ba zamewa, na dama da na hagu kuma su zama kauri ɗaya. Kada a yi shi da katako ko yankakkiyar tsohuwar taya. Kada a cusa duwatsu, ko notuna, ko gutsuren roba tsakanin naɗin sifirin, gama suna hana shi aiki, su sa ya karye. Sifirin da aka matse yana riƙe da ƙarfin da zai iya kashe mutum idan ya kuɓuce. Wannan aikin makaniki ne mai na'urar matse sifirin ta ainihi. Wanda ya ce zai ɗaure shi da waya ko igiya, ku ɗauke motarku daga garejinsa.

Idan tsohon sifirin ya zauna, sabo ya fi zobe. A canja biyu tare.

Hanya ta huɗu: sifindil mai tsawo.

Sifindil shi ne ƙarfen da wili ke juyawa a jikinsa. A Amurka akwai kamfanonin da ke ƙera irinsa da aka saukar da mazaunin wili, domin motoci masu ja da baya. Yana ɗaga gaba wajen inci 3 ba tare da cinye tazarar sauka ba. Hanya ce mai kyau ta fuskar aiki, amma kaya ne na shigowa da su, masu tsada, ba a kuma yi su domin kowace mota ba. Inci 3 ma ya yi wa motar lodi yawa idan ba a ɗaga baya ba. Mun ambace ta ne domin gargaɗi ɗaya: kada mai walda ya ce zai yanke naku ya ƙara masa tsawo. Ƙarfen da ke riƙe da wili da birki ba wurin gwaji ba ne.

5. BAYAN AN ƊAGA

Aiki bai ƙare ba sai an yi waɗannan abubuwa.

A kai mota a yi mata alaimen, watau a saita ƙafafun gaba. Ɗagawa tana canja yadda taya ke tsayawa da inda ta dosa. Idan ba a saita ba, gefe ɗaya na tayoyin gaba zai cinye cikin 'yan watanni. A nan ne ƙungiyoyi suke asara. An yi murna aikin bai ci kuɗi ba, ga shi kuwa ya ci tayoyi biyu. Garin neman gira an rasa ido.

A ɗaga gaba ƙafafu su rataya, a juya sitiyari iyaka dama da hagu, a duba tiyon birki. Idan ya miƙe kamar tsirkiya, bai isa ba. A duba shokozoba kuma, kada ya zama shi ne ke tsai da ƙafa.

Da dare a tsai da mota da lodinta gaban bango, a sauke fitilu su dubi hanya.

Bayan mako ɗaya a sake taɓa dukan notuna da sifana, a sake aunawa. Kowane wata direba ya shafa hannu a kan tayoyin gaba ya ji ko gefe ɗaya ya fi cinyewa.

6. ABIN DA YA FI ƊAGAWA ARAHA

Idan abin tsoro shi ne fashewar kasko, a sa masa garkuwa. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko 4 ya isa. A ɗaure shi da bolti a jikin shasi domin a iya cire shi, a bar rata tsakaninsa da kasko, a huda ramin juye mai, kada kuma ya toshe iskar lagireto. Maƙera irin na Panteka a Kaduna da na garuruwanmu suna iya wannan aiki.

A rage lodi. Yawancin waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su ɗauka, watau buhu 10 masu kilo 100, kuma direba da yaron mota da fasinja suna cikin lissafin. Takardar motar za ta nuna adadin sosai. Motar da aka ɗora wa buhu 18 za ta zauna fiye da abin da kowace ɗagawa za ta iya mayarwa. Sawu biyu ya fi karyewar aksil a daji. A jera kaya masu nauyi daga bayan gidan direba zuwa bisa aksil, kada su taru a wutsiya, gama nauyin wutsiya yana ɗaga gaba kamar sikeli.

A koya wa direba ya ɗora ƙafafu a kan tudu maimakon ya bi cikin ramukan da manyan motoci suka haƙa. Ya riƙa tafiya da shebur, da katako biyu masu kauri, da igiya mai ƙarfi.

A gyara hanya. Sau da yawa wuri uku ko huɗu ne kaɗai suke hana mota wucewa. Aikin gayya na kwana ɗaya kafin damina, a sare tudun tsakiya, a cika ramuka da dutse da tsakuwa, a buɗe wa ruwa hanya, a share bakin kwalbati, zai amfani motarmu, da masu babur, da mai jaki, da maƙwabtanmu waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Wannan ma shaida ce.

7. RAYUKAN DA KE BISA MOTA

Karatunmu na biyu doka ce da aka ba Isra'ilawa game da sabon gida: mai gida ya kewaye bakin soronsa da ɗan gini, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Mutanen can sukan zauna bisa soro, shi ya sa Allah ya ɗora wa mai ginin nauyin tsaron wanda zai hau. Motar ƙungiya ita ce soronmu.

Duk abin da aka ɗaga sama ya fi saurin kifewa. Mai ɗaukar tulu a ka ya san haka. Inci ɗaya da rabi a gaba ba abu mai yawa ba ne shi kaɗai. Amma ku haɗa shi da taya mai tsawo, da buhuna da aka jera suka wuce kan direba, da mutane zaune bisa buhunan, da kwana mai kaifi a gangaren dutse. Ranar da aka ɗauki 'yan Zumuntar Mata zuwa taro, ko matasa zuwa biki, iyayenmu ne da 'ya'yanmu ke bayan motar nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana yaƙi da lodi fiye da kima da tsofaffin tayoyi. Mu da muke cewa mun san darajar rai, bai kamata sai an tsare mu a hanya kafin mu kiyaye ba.

Kuɗin motar kuma amana ne. A cikinsa akwai na gwauruwar da ta sayar da akuyarta domin ta biya rabonta. Saboda haka kada direba da makaniki su yanke shawara su biyu a gareji. A kawo magana gaban kwamiti. Ma'aji ya rubuta kuɗin aikin duka: kayan da za a canja, ladan makaniki, alaimen, da man zuwa gari. A mai da jimlar zuwa buhunan masara domin kowa ya gane. A gwada ta da kuɗin garkuwa da na aikin gayya. Sa'an nan a yanke.

Shawararmu a taƙaice ita ce wannan: a auna, a gyara abin da ya lalace, a mai da mota tsayinta na asali, a sa garkuwa, a kiyaye lodi. Idan bayan haka har yanzu gaba yana gogar ƙasa, a ɗaga shi kaɗan, kada ya wuce inci 1 da rabi, a yi alaimen a ranar.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wane irin sifirin ne a gaban motarku? Wa ya taɓa leƙawa ya gani?
2. Wane sashe na motarku ya fi kusa da ƙasa sa'ad da take da lodi?
3. Buhu nawa kuka ɗora mata ranar kasuwar da ta wuce, mutum nawa kuma suka hau?
4. Wurare nawa ne a hanyarku suke hana mota wucewa da damina? Wanne za ku fara gyarawa?
5. Idan direba ya ƙi ƙarin lodi, wani dattijo kuma ya matsa masa, me kwamiti zai yi?

AIKIN WANNAN WATA

Ku zaɓi mutum uku, har da mace ɗaya, su auna motar a kusurwa huɗu, da kaya da ba kaya, su karanta lambobin tayoyi, su kawo rahoto a taro mai zuwa. Ku sayi littafi guda domin motar, a riƙa rubuta kowane gyara da kwanan watansa. Ku sa ranar gayyar hanya kafin ruwa ya sauka.

Ku rufe taro da addu'a domin direbanku, da makanikinku, da dukan masu bin hanya. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu, ya kai mu kasuwa lafiya, ya komo da mu gida lafiya. Amin.